Kuɗin 'Ya'yan Talakawa a Makarantun Amurka: Wa Ke Tsaron Su?

Ranar Lahadi 11 ga Afrilu, 1965, aka kafa tebur a filin wata tsohuwar makaranta mai aji ɗaya tal, kusa da garin Stonewall a jihar Teksas. Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya zauna, a gefensa wata dattijuwa mai suna Kate Deadrich Loney, malamar da ta fara ɗora shi a kan karatu yana ɗan shekara huɗu. A nan ya sa hannu kan dokar ilimin firamare da sakandare, ya miƙa mata alƙalamin. Johnson ya san abin da yake yi wa doka, domin a 1928 shi kansa ya koyar a garin Cotulla, inda ɗalibansa 'ya'yan talakawa ne 'yan asalin Meziko, kuma ya sha faɗa daga baya cewa da yawansu da yunwa suke shigowa aji.

Sashe na farko na wannan doka, wanda Amurkawa ke kira Title I, shi ne har gobe babbar hanyar da gwamnatin tarayya ke bi ta tura kuɗi zuwa makarantun unguwannin talakawa domin yaran da karatu ke ba wuya. An fara da kimanin dala biliyan 1. A 2024 kasafin ya kai kusan dala biliyan 18.4. Shekara sittin ke nan ana zuba kuɗin, ana kuma gardama a kan ko suna isa ga yaran da aka ware wa su. A ganina ba za a fahimci gardamar ba sai an duba inda iyaye suka shigo cikin dokar, da abin da ya shigo da su, da kuma yadda aka rage musu ƙarfi.

Sai dai tukuna, me ya sa ƙasa mai arzikin Amurka take buƙatar irin wannan tallafi?

A can, gwamnatin tarayya ba ita ke riƙe da makarantu ba. Abin da take sawa bai fi kashi 10 cikin 100 na kuɗin makarantun gwamnati ba a shekarun da ba na annoba ba. Sauran daga jihohi yake fitowa da kuma gundumomi, su kuwa gundumomi da harajin gidaje da filaye suka dogara. Unguwar da gidajenta ke da tsada takan tara kuɗi mai yawa ko da harajin ba shi da nauyi. Unguwar talakawa kuwa ko ta matse kanta, abin da za ta tara cikin cokali ne.

A 1968 wasu iyaye a gundumar Edgewood da ke birnin San Antonio suka kai ƙara kan wannan. Sunan Demetrio Rodriguez, wani ma'aikacin ƙarfe kuma tsohon soja, shi ne a saman takardar. Lissafin da aka gabatar wa kotu ya isa ya sa mutum ya yi tagumi. Mutanen Edgewood suna biyan haraji mafi nauyi a yankin, dala 1.05 kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da hakan ke samarwa dala 26 ne kacal ga kowane yaro a shekara. A Alamo Heights, unguwar masu hali a birni guda, ana biyan santi 85, ana samun dala 333 ga kowane yaro. Da aka haɗa da kuɗin jiha da na tarayya, ɗan Edgewood ya tashi da dala 356, ɗan Alamo Heights da 594. A 1973 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke cewa tsarin mulkin Amurka bai sa ilimi cikin haƙƙoƙin da ya lamunce wa ɗan ƙasa ba. Tun daga nan faɗan ya koma kotunan jihohi, kowace da nata hukunci, kuma giɓin da aka ce Title I ya rage yana nan a wurare da dama.

Dala biliyan 18 kuɗi ne mai cika baki, amma a raba shi a gani. Yaran da ke makarantun da ke cin wannan tallafi sun haura miliyan 25. Idan aka baje, kowane yaro bai fi dala 700 da 'yan kai ba a shekara, a ƙasar da matsakaicin abin da ake kashe wa ɗalibi ya wuce dala 15,000. Da wannan ɗan ƙari ake son a ɗauko malamin da zai zauna da yaron da ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, a yi darasin bayan tashi, a yi karatun hutun bazara, a sayi littattafai, a horar da malamai. Duk wanda zai yi wa shirin hukunci ya fara riƙe wannan lissafi a ransa.

Rabon kansa ma yana da murɗiya. Hanyoyi huɗu ake bi, dukkansu sun dogara da ƙidayar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 da ke gidajen talakawa. Hanya ta farko ƙofarta a wangale take: gundumar da ke da irin waɗannan yara goma, kuma suka wuce kashi 2 cikin 100 na yaranta, ta cancanta. Kusan babu gundumar da ba ta cika wannan sharaɗi, har da na masu kuɗi. Da gangan aka sassauta sharaɗin shiga tun 1965, don kowane ɗan majalisa ya ga mazaɓarsa ta samu wani abu ya ɗaga hannu. Dokar ta wuce cikin 'yan watanni, amma kuɗin ya bazu ya yi siriri. Sannan ana ninka adadin yaran da abin da jiharsu ke kashe wa ɗalibi, duk da an sa iyaka sama da ƙasa. Sakamakon shi ne ɗan talaka a jiha mai arziki kamar New York ya fi ɗan talaka a Mississippi samun kuɗin tarayya, alhali na Mississippi ne jiharsa ta fi gaza masa. Wannan ɓangare na dokar ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Hujjar masu kare shi ita ce rayuwa ta fi tsada a wasu jihohi, kuma bai kamata a saka wa jihar da ta ƙi kashe kuɗi ba. Hujja ce, amma yaron da ke zaune a ajin ba shi ya tsara kasafin jiharsa ba.

Idan kuɗin ya iso gunduma, sai ta jera makarantunta daga wadda talauci ya fi yi wa katutu. Dole a fara da waɗanda 'ya'yan talakawa suka haura kashi 75 cikin 100. An daɗe ana gane talaucin makaranta ne ta yawan yaran da ke cin abincin rana kyauta ko da rangwame, shi ya sa takardar neman abincin da ake ba yaro ya kai gida take da nauyin da iyaye da yawa ba su sani ba. Makarantar da ta kai kashi 40 tana iya kashe kuɗin a kan gyaran makarantar baki ɗaya. Wadda ba ta kai ba sai ta zaɓo yaran da suka fi rauni ta kashe a kansu kaɗai. Kowanne da illarsa. A na farko, kuɗin yana iya narkewa cikin hidimar yau da kullum har a rasa yaron da aka yi domin shi. A na biyu, an shafe shekaru ana fitar da yaro daga aji a kai shi wani ɗaki na rabin awa, ya dawo ya tarar darasi ya wuce shi, 'yan ajin kuma duk sun san dalilin fitarsa.

To ina iyaye a cikin wannan duka?

Tun ana muhawarar dokar a 1965, Sanata Robert Kennedy na New York ya ƙi amincewa sai an sa sharaɗin cewa makarantu za su riƙa ba da rahoton abin da kuɗin ya haifar. Bai yarda da hukumomin makarantu ba. Ganinsa shi ne su ne suka daɗe suna sakaci da 'ya'yan talakawa, don haka miƙa musu kuɗi ba tare da ido a kansu ba kamar ba kura ajiyar nama ne. Idon da yake nufi kuwa na iyaye ne. Ba a jima ba maganarsa ta tabbata. A 1969 wasu mata biyu masu fafutukar kare haƙƙin baƙar fata, Ruby Martin da Phyllis McClure, suka fitar da rahoto bayan sun bi diddigin takardun binciken kuɗi na gwamnati. Sun gano an gina wuraren ninƙaya da kuɗin, an sayi kayan 'yan badujala, an cika ɗakunan ajiya da na'urorin da ba a amfani da su. Mafi muni, wasu gundumomi sun janye nasu kuɗin daga makarantun talakawa suka mayar makarantun masu hali, suka bar kuɗin tarayya ya cike ramin.

Wannan rahoto ya haifar da abubuwa biyu. A 1970 majalisa ta sa doka cewa kuɗin tarayya ƙari ne a kan na gunduma, haramun ne a maye gurbi da shi. Sannan a farkon shekarun 1970 aka wajabta kafa majalisun iyaye masu ba da shawara a kowace gunduma, a 1974 aka faɗaɗa su zuwa makarantu, a 1978 aka ƙara musu haƙora. Iyaye a lokacin suna da ikon ganin takardun shirin, su yi tambaya, su kai ƙorafi. Da yawa daga matan da suka zauna a waɗannan majalisu ba su yi karatu mai zurfi ba, amma a nan suka koyi karanta kasafi, wasu suka zama mataimakan malamai, wasu suka tsaya takarar hukumar makarantu. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ba don su taya yara aikin gida aka fara shigo da iyaye cikin dokar ba. An shigo da su ne a matsayin masu gadin kuɗin.

A 1981 gwamnatin Ronald Reagan ta sauƙaƙa dokar da sunan rage wa jihohi takurawa, sharaɗin majalisun iyaye ya faɗi, gundumomi da yawa suka rushe nasu. Da aka dawo da batun iyaye da ƙarfi a 1994, ya dawo da wata fuska. Yanzu abin da doka ta tanada, kamar yadda yake a gyaran da Barack Obama ya sa wa hannu a Disamban 2015, shi ne kowace makaranta ta kira taron iyaye sau ɗaya a shekara ta yi musu bayanin shirin, ta rubuta manufa tare da su, a kuma ƙulla wata yarjejeniya tsakanin gida da makaranta: malami zai yi kaza, uwa da uba za su yi kaza, yaro zai yi kaza. Gundumar da ke karɓar sama da dala 500,000 dole ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 don harkar iyaye, kashi 90 na wannan kuma ya sauka makarantu, kuma da iyaye za a yanke yadda za a kashe shi. Dokar ta yarda a biya kuɗin mota da na mai raino daga ciki don iyaye su samu zuwa taro. Ta ce a yi musu bayani, gwargwadon iko, da harshen da suke ji. Uba na da haƙƙin tambayar takardun shaidar malamin ɗansa, kuma idan malamin da bai cika sharuɗɗan jiha ba ya koyar da yaro mako huɗu a jere, dole a sanar da gida.

A takarda abin ya yi kyau. Mu gwada da misali: gunduma ta samu dala miliyan 10, ta ware 100,000, tana da makarantu talatin. Kowace za ta tashi da kusan dala 3,000 a shekara. Kuɗin abincin taro biyu ne da buga takardu.

Mu matso kusa. A Bronx da ke New York akwai Hausawan Gana da na Nijar masu yawa, kuma 'ya'yansu da dama irin waɗannan makarantu suke zuwa. Ka ɗauki wata uwa da ke aikin kula da tsofaffi da dare. Ta shigo gida da hantsi, ta ɗan runtsa, da la'asar ɗanta ya dawo ya zazzage jaka, ya zaro wata takarda da ta yamutse a ƙarƙashin littattafai. "Umma, malama ta ce ki sa hannu, gobe za a karɓa." Shafi biyu ne da Turancin ofis. Ta tambaye shi ta mene ce, ya ce shi ma bai sani ba, kowa an ba shi. Ta sa hannu. Ita ce yarjejeniyar nan da doka ta ce tare da iyaye za a rubuta. Taron shekara kuwa an yi shi ƙarfe shida na yamma, daidai lokacin da take tsaye tana jiran jirgin ƙasa zuwa wurin aiki. A rajistar makaranta za a rubuta cewa ba ta zo ba. Wani malami zai ce iyayen nan ba su damu ba. Matar da ta tsallake teku, take wanke tsofaffin wasu cikin dare don yaron nan ya yi karatu, ita ce ba ta damu ba. Akwai kuma tarbiyyar da ta taso da ita, wadda ta koya mata cewa idan ka kai yaro gaban malam ka gama naka, yi masa tambaya rashin kunya ne. Makarantar Amurka kuwa shirun uwa takan ɗauke shi a matsayin yarda, ko rashin kula.

An taɓa gwada ba iyaye iko ta wata hanya. Dokar da George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta ce idan makaranta ta kasa cimma ma'auni shekara biyu a jere, iyaye na iya sauya wa ɗansu makaranta, gunduma ta biya kuɗin mota. Idan ta kai shekara uku, yaro na da haƙƙin darasin ƙari kyauta. Waɗanda suka sauya makaranta ba su fi kashi 1 cikin 100 na masu haƙƙin ba, waɗanda suka karɓi darasin ƙari ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Wasiƙun sanarwa sukan iso bayan an koma makaranta, cikin harshe mai wuya, kuma gundumar da za ta yi asarar kuɗin ita aka ɗora wa aikin tallata shi.

Masu cewa matsalar daga gida take suna da abin kafa hujja. A 1966, shekara ɗaya bayan dokar, masanin zamantakewa James Coleman ya fitar da binciken da ya shafi ɗalibai kimanin 600,000, ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa. An shafe shekaru ana ɗaga wannan a ce kuɗi ba ya magani. Amma a 2016 Kirabo Jackson da Rucker Johnson da Claudia Persico sun bi rayuwar yaran da kotuna suka tilasta a ƙara wa makarantunsu kuɗi, suka ga ƙarin kashi 10 cikin 100 na tsawon shekara goma sha biyu ya ɗaga albashinsu da kusan kashi 7 bayan sun girma, kuma amfanin ya fi yawa ga 'ya'yan talakawa. Ni ban ga karo tsakanin binciken biyu ba. Idan gida na da wannan nauyi, to kuɗin da aka kashe wajen haɗa gida da makaranta ai ba asara ba ne.

Misalin da ya fi burge ni a Shikago yake. A 1967 aka buɗe cibiyoyin yara da iyaye a unguwannin da suka fi talauci, da kuɗin Title I ɗin nan. Yaro na shiga yana ɗan shekara uku ko huɗu. A kowace cibiya akwai ɗakin iyaye da malama ta musamman da aikinta ke nan, ga kuma wani ma'aikaci da ke shiga unguwa yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ana son uwa ko uba su ba da rabin yini a mako, ko a aji, ko a ɗakin nasu, inda wasu ma suka ƙarasa nasu karatun. Wani mai bincike, Arthur Reynolds, ya bi yara 1,539 na wannan yanki tun suna ƙanana har suka zama magidanta. Waɗanda suka bi ta cibiyoyin sun fi kammala sakandare, sun fi ƙarancin maimaita aji da shiga hannun hukuma. Lissafinsa ya nuna kowace dala ɗaya ta dawo wa al'umma da bakwai zuwa goma. A nan an ba uwa kujera da ɗaki da mutumin da ya san sunanta, ba takardar sa hannu kawai ba.

Akwai ma abin da bai kai wannan tsada ba. A jihar West Virginia, Peter Bergman da Eric Chan sun gwada tura wa iyaye saƙon waya kowane mako: ɗanka bai kawo aiki kaza ba, bai shiga darasi kaza ba. Faɗuwa a darussa ta ragu da sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Iyayen ba su canza hali ba, labari ne kawai ya fara isa gare su kafin lokaci ya ƙure. A Sacramento kuwa tun 1998 malamai ke zuwa gidajen ɗalibai bibbiyu, da yardar masu gida, ana biyan su ladan lokacinsu, kuma tambayar farko ba ta laifin yaro ba ce. Sukan tambayi uwa abin da take fata ɗanta ya zama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma malamin da ya zauna a falon da yara huɗu ke kwana ba zai sake tambayar dalilin da ya sa ba a yi aikin gida ba da irin muryar da.

Iko na gaske kuma Shikago ce ta fi kowa gwada shi. Dokar jihar Illinois ta 1988 ta kafa wa kowace makarantar gwamnati a Shikago majalisa da iyaye shida ke da rinjaye a cikinta, tare da mutanen unguwa biyu da malamai biyu da shugaban makaranta. Su ke zaɓar shugaban, su ke sabunta masa kwantiragi ko su ƙi, su ke amincewa da kasafi. Ba ko'ina abin ya yi kyau ba. Wasu majalisu sun gyara makarantunsu, wasu sun ɓata lokaci a rigima, kuma a unguwannin da suka fi wahala akan rasa masu tsayawa takara. Wanda ke aiki biyu ba shi da daren da zai ba kasafin makaranta. Duk da haka, shugaban makarantar da ya san iyaye ne za su sabunta masa aiki ba ya sa taro a lokacin da ba za su iya zuwa ba.

A ranar 20 ga Maris, 2025, Donald Trump ya sa hannu kan umarnin fara rushe Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Gwamnatinsa ta ce kuɗin Title I ba zai tsaya ba, kuma majalisa ce kaɗai ke da ikon soke shi. Amma akwai masu son a miƙa wa jihohi kuɗin a dunƙule, su kashe yadda suka ga dama. Abin da ke damuna a nan sharuɗɗan ne fiye da adadin: dokar hana maye gurbi, da fara bi ta makarantun da suka fi talauci, da kashi ɗayan nan na iyaye duk da ƙanƙantarsa. Kowannensu an rubuta shi ne bayan an kama wani yana karkatar da kuɗin yara. A 1981 da aka sassauta, majalisun iyaye na cikin abubuwan da suka fara tafiya, kuma sai bayan shekara goma sha uku aka sake ware musu ko sisi a cikin dokar.